Zoben Veturia

Safiyar Lahadi ce a tashar motar garin Rădăuți. Ina jiran motar ƙauyenmu, wata dattijuwa na zaune a bencin da ke gabana. Baƙin ɗankwalinta a ɗaure yake tam a ƙarƙashin haɓa, ko silin gashi ɗaya bai leƙo ba.

Guntun sabulu ne a hannunta, tana tofa masa yawu tana goga wa yatsarta. Zoben aure take son cirewa, yatsar kuwa ta kumbura har ta kusa haɗiye shi. Tana murzawa tana cije leɓe.

Matar da ke gefenta ta ce, "Haba Veturia, bar shi mana. Ai Allah zuciya yake dubawa."

"Shi kuma Ilarie, dattijon cocinmu, hannu yake dubawa," in ji Veturia. "Wancan watan a gaban kowa ya tsallake ni wajen rabon gurasar jibin Ubangiji a coci, wai zinariya adon duniya ce."

Ban san ta ba, amma daga baƙaƙen kayanta na ɗauka wanda ya sa mata zoben ya rasu, kuma ba da daɗewa ba. Wataƙila kwana shida take yi da zoben a hannu, ran na bakwai ta ɓoye.

Zoben ya fita da ɗan jini. Ta ƙulle shi a hankici, ta tura cikin riga. Sai ta tsura wa farin shatin da ya bari ido, ta goga, ta sake gogawa.

A hankali ta ce, "Kina ganin zai lura da wannan?"