Hayaƙin Gidan Sodangi

Duk Dandin Mahe babu wanda ya ƙi jinin hayaƙi kamar Sodangi mai walda, kuma duk wanda ya san tasowarsa ba zai ga laifinsa ba. Mahaifinsa ƙona gawayi yake yi. Tun Sodangi bai iya wanke bayansa ba ake tura shi gadin tulin itacen da aka rufe da ƙasa, yana toshe duk kafar da wuta ta leƙo, idanu jajir kamar gauta. A can ya lura cewa wani lokaci hayaƙin da ke fita ta kafa yakan kama da wuta shi kaɗai, yana ci a sama bai taɓa itace ba. Ya tambayi tsohon, tsohon ya ce aikin aljannu ne, ya haɗa masa da ranƙwashi don kada ya sake tambaya.

Da ya girma ya gudu Bodinga ya koyi walda, ya dawo gida ya kafa rumfa, ya auri Safinatu. Mutane suka sa masa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsiya, saboda ba ya iya ganin ƙarfe ya bar shi yadda Allah ya yi shi. Shi ne ya taɓa ƙera injin ban ruwan albasa wanda bai shayar da kowa ba sai mai shi. Amma ta fuskar riƙon gida ba shi da abin faɗa, kuma da wannan yake taƙama. Ka zage shi a kan komai ya yi dariya, ban da ka ce iyalinsa sun kwana da yunwa.

Abin da ke ci masa rai shi ne tarin Safinatu. Kullum ta fito daga madafi sai ka ce ta dawo daga gaisuwar mutuwa, ido na zuba, ƙirji na kuka. Ran nan a Bodinga ya ga wani murhu a wayar wani direba, ya gane tsoffin aljannun babansa ne aka sa su aiki. Ana cika duro da ɓuntun shinkafa ko totuwar masara, a kunna daga sama, a bar wa iska 'yar ƙaramar hanya ta ƙasa. Ɓuntun ba ya ci da wuta sosai, dahuwa yake yi yana fitar da gas, gas ɗin kuma in ya haɗu da iska a bakin duro sai ya kama ya zama harshen wuta. Abin da ya rage a ciki baƙin gawayi ne, a zuba a fagen albasa.

Duro na farko da ya ƙera ya ture murfinsa ya tafi da rabin gemun Sodangi. Na biyu ya turnuƙe unguwa har kaji suka bar gidan. Da damina ta yi tsaka, lokacin da rumbuna ke yin sauƙi kowa yana auna hatsinsa da hankali, ya dace da duron da ya yi aiki. Wuta shuɗiya ta tashi tsaf, tukunya ta tafasa, Safinatu ta tuƙa tuwo ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa. Sai kuma tsoro ya kama shi kada a sace masa basira kafin ya gama gyara.

"Kak ki bari kowa shi shiga madahin ga," in ji shi. "Kowa at tambaya, ki ce lahiya lau."

To, a Dandin Mahe ba a tambayar mutum ko ya ci. Hayaƙi ake dubawa. In la'asar ta yi sanyi, kowace mace tana aikinta tana satar kallon saman dangar maƙwabta, gidan da bai yi hayaƙi ba an san abin da ake ciki. Aka duba gidan Sodangi yau shiru, gobe shiru. Matan da suka shigo suka tarar an saki tabarma a ƙofar madafi, suka tambayi Safinatu, ta ce lafiya lau. Wannan ya gama tabbatar musu, don abin da 'yar mutunci ke faɗa ke nan in tukunyarta ta bushe.

Sai kwanuka suka fara shigowa. Wannan gida tuwon dawa da miyar kuka, wancan dambu, wani fura har da nono. Ba wanda ya ce don me, ai ba a faɗa. Sodangi ya zauna a zaure yana buɗe kwano yana gyaɗa kai.

"Kin gani ko? Labari ya hita. Mutane sun hwara sanin wa ad da garin ga."

Safinatu ta gane tun kwano na farko, amma ta ce a ranta wanda ya ce a yi shiru shi zai ci tuwon shirun. Ta bar shi yana ta loma har wuyansa ya fara kauri. A majalisa kuwa ya ga ana tashi ana ba shi wuri, mai shayi ya ƙi karɓar kuɗinsa, liman ya yi doguwar addu'ar rufin asiri yana kallonsa. Duk ya haɗa ya zuba a buhun ɗaukaka.

Akwai wata tsohuwa a bayan gidansa, Inna Dije, mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta da kowa a garin. Shekara da shekaru, da ta ga hayaƙin gidan Sodangi sai ta ɗauko kaskonta ta zo ɗiban wuta. Kowa ya san akwai ashana a duniya. Safinatu takan zuba mata garwashi, sannan ta ɗora mata malmalar tuwo a ƙwarya ta rufe da faifai, tsohuwa ta tafi ba ta roƙi kowa ba. Tun da aka kafa duro ba ta sake zuwa ba, kuma ko tuwon da Safinatu ta aika mata sai ta maido shi. Sodangi bai ma lura ba.

Wata Juma'a gab da magariba ta yi sallama a zaure, ba kasko a hannunta. Ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Ta kwance bakin gyale ta ajiye ƙullin gero a gabansa, bai cika tafin hannu biyu ba.

"Ga wanga, ɗana, a dama ma ɗiya kunu. Na ga kwana biyu ba ku hura wuta ba. Kak ka ji kunya, duniya ta, yau gare ka gobe ga wani."

Sodangi ya dubi geron, ya dubi kwanukan da ke jere a gefensa, ya dubi cikinsa. Nan take ya gane addu'ar liman da shayin kyauta. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Kunyar an ce ya kasa ciyar da gida ta dake shi, amma wadda ta fi ta zafi ita ce ya gane daga cikin wa geron nan ya fito, da kuma abin da tsohuwar take kwana da shi tun ranar da ya kashe hayaƙi.

Washegari ya fito da duro ƙofar gida ya tara jama'a ya kunna. Rana ta haske harshen wutar har ba a ganinsa, aka ga ruwa na tafasa a kan babu, wani dattijo ya ja da baya yana neman tsari. Aka yi ta dariya, aka yi masa tsiyar tuwon sadakar da ya ci, wasu kuma suka ce a ƙera musu. Yanzu duro irin nasa ya kai har Shagari, kuma Safinatu ta manta da tari.

Sai dai in ka bi ta gidansa bayan la'asar za ka tarar da shi tsugune a gindin danga da tsohon kasko, ya tula jiƙaƙƙen kara a kan garwashi yana fifita, ido jajir, yana tari, har hayaƙi ya miƙe sama inda za a hango shi daga baya. Ba a jimawa Inna Dije za ta shigo da kaskonta tana kare hanci da gyale.

"Sodangi, wutag gidanku ta hi ta kowa hayaƙi. Kai da aka ce ma Injiniya?"

"Ana nan ana gyara, Inna," in ji shi, ya ƙara tura kara.