Motar Akawu da Dakalin Ƙofar Gidana

Shekarar da gwamnati ta janye tallafin man fetur, wadda rabin motocin unguwarmu ta Bolori a Maiduguri suka koma inuwar awaki, a shekarar ce maƙwabcina ya ga ya dace ya kamu da son motar tsere.

Akawu muke ce masa, don aikin da ya yi ke nan har ya yi ritaya. Mutumin kudancin Borno ne, Kirista, dattijon coci, mai ɗan tumbi da gwiwa guda da ke ƙara idan zai miƙe. Katangarmu ɗaya da shi shekara ashirin da ɗoriya. Shi kuma Goni yake ce mini, ko da yake ya san karatun Alƙur'anin da na yi a unguwar Shehuri bai kai ni wannan matsayi ba. Ya ce in bai ba ni ba, babu mai ba ni. Kullum bayan la'asar a dakalin ƙofar gidana muke zama ƙarƙashin darbejiya, ni da alƙalami da tawada, shi da waya.

A wayar ya gan ta. Wata 'yar mota ce ja mai ƙofa biyu, a kwance kamar ƙadangare, wadda ba ta ma fito kasuwa ba tukuna. Mai bayani a bidiyon ya ce za ta yi araha. Na tambayi Akawu araha a wurin wa, ya ce in bar wannan zancen, ba da kuɗi ake farawa ba, da awo ake farawa. Kafin mako ya zagayo ya haddace ta tsaf: tsawonta mita huɗu da 'yan kai, faɗinta bai kai biyu ba, giya shida ta hannu, ƙafafun baya ke tura ta, kujeru biyu na gaske a gaba da wasu biyu a baya waɗanda ko kaza sai ta naɗe ƙafa. Ya sa na rubuta masa duka a bayan tsohuwar kalanda. Da ajami na rubuta. Bai iya karantawa ba, amma ya ce hakan ya fi, don matarsa ma ba ta iya ba.

Ban damu ba sai ranar da na ga ya tsaya yana kallon dakalina, ya kalli ƙofar gidansa, ya kalli lungu. Lungunmu matsattse ne, keke napep biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya yi haƙuri. Tsohuwar motarsa ma, kafin ta mutu, a bakin titi take kwana. Ya ce wannan kam ba za ta kwana a waje ba, kuma a lissafinsa ba za ta iya karya kwana ta shiga gidansa ba sai an rage dakali.

"Kaɗan ne, Goni. Daga nan zuwa nan."

Inda ya nuna da ƙafa ya kai kashi ɗaya cikin uku. A kan dakalin nan nake rubutu, a kansa ake kawo mini goron suna, a kansa nake sasanta masu rigima. Baƙo in ya zo nemana ba sunana ake ba shi ba, ce masa ake yi ya nemi gida mai dogon dakali. Na yi dariya na ce motar ta fara isowa. A raina kuwa na ƙudura cewa sai na kashe motar nan tun tana bakin titi.

Na tafi wurin mai facin da ke bakin lungu, wani Babarbare ɗan Tsohuwar Maiduguri wanda ya tsufa a cikin tayoyi har hannunsa ya koma kalarsu. Muka gaisa da wushe wushe, na karanta masa lambobin kalanda: tayar gaba 215/40, ta baya 235/40, rim 18. Ya jawo wata tsohuwar taya ya zaunar da ni kamar ɗalibi. Lamba ta farko, in ji shi, faɗin taya ce a milimita. Ta biyu kaurin gefenta ne, daga ƙarfe zuwa ƙasa, kashi kaza cikin ɗari na faɗin. Ta uku girman rim ne, wato ƙarfen da ake sa tayar a kai. Ya haɗa yatsunsa huɗu ya nuna mini, ya ce iyakar robar da ke tsakanin rim da rami ke nan. Na tambaye shi me ya sa ta baya ta fi faɗi, ya ce don ita ke tura motar, kuma wannan na nufin ba a musanya ta gaba da ta baya in ɗaya ta cinye, kamar yadda kowa ke yi a garin nan. Ya ƙara da cewa shekararsa talatin yana faci, irin wannan taya bai fi sau biyar ya taɓa ta ba, kuma duk sau biyar ɗin rim ɗin ya lanƙwashe.

Na koma dakali da hujjoji fal baki. Na ce wa Akawu cikin motarsa bai kai taƙi daga ƙasa ba, tudun rage gudu na farko zai yaye mata ciki, ramin gaban masallaci kuma zai cinye tayoyi huɗu rana ɗaya. Ya ce sai ya sa ƙaramin rim da taya mai kauri. Na ce mai faci ya ce in an rage ƙarfe an ƙara roba, tsawon na nan yadda yake, mota ba ta tashi ko da yatsa. Ya ce to sai ya sa mata manya. Na ce za su riƙa gogar jikin mota, agogon gudu kuma ya riƙa yi masa ƙarya. Ya ce a duk Maiduguri in nuna masa mota ɗaya da agogonta ke faɗin gaskiya. Na ce da wannan gwiwar, in ya shiga ciki sai an kira 'yan kwana-kwana su zaro shi. Ya ce zarowa matsalar gobe ce, shiga dai zai shiga.

Mun shafe kusan wata guda a haka. Duk hujjar da na kawo sai ya saurara, ya gyaɗa kai, ya koma kan dakali. Daga ƙarshe ni da kaina na kawo shawarar da ta kayar da ni. Na ce tunda awo yake so, mu yi awo a gaban shaida. Ina da yaƙinin cewa lungun ya fi ƙarfin motar, ko da dakali ko babu, kuma in haka ta tabbata maganar ta mutu.

Muka sayi gwangwala huɗu, muka ɗaure su da igiya daidai tsawo da faɗin motar kamar yadda kalanda ta ce. Akawu ya kama gaba, tunda shi ne direba, ni na kama baya, mai faci yana tafe a gefe da tef. Muka shigo lungu a hankali. Wani tsoho da ke alwala ya miƙe da sauri yana salati, ya ɗauka makara ce, sai da ya ga girmanta ya tambaya ko raƙumi ne ya rasu. Akawu bai ko kalle shi ba. Yana tafe yana juya hannu ɗaya a iska, wai sitiyari.

Motar ta wuce kwata, ta wuce turken lantarki da tazarar yatsa biyu, ta wuce tarin yashin gidan da ke kallonmu. Da muka iso ƙofarsa ya karya kwana, kan motar ya shiga lafiya, sai kusurwar baya, wadda ke hannuna, ta daki dakali. Muka ja baya muka sake, ta sake dukansa a wuri guda.

Mai faci ya tsuguna ya auna abin da ya hana, ya ce kamu ɗaya da rabi. Da a nan ya tsaya da na gode masa. Amma mutum ne da ya saba neman inda taya ta huje, ba ya ganin tabo ya wuce. Ya shafa simintin da yatsa, ya bi wani siririn layi har ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi inda katangata ta haɗu da ta Akawu.

"Goni, simintin nan kala biyu ne. Wannan gefen ƙari ne, kuma ya wuce katangarka."

Na sani, don ni na yi ƙarin. Shekara goma sha tara kafin wannan rana an tura Akawu aiki can kudancin jiha, gidansa ya zauna a rufe wata goma. Abokan hira suka yi mini yawa, na kira magini ya ja dakalin zuwa gaban katangarsa, da niyyar in gaya masa in ya dawo. Ya dawo, ya duba, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Da shekaru suka tura har na manta cewa akwai abin faɗa.

Akawu ya ajiye gwangwalarsa ya ce wa mai faci awon mota aka kira shi yi, ba awon fili ba. Ya shige gida.

Kwana uku ina neman mafita a littattafaina, kuma na samu. Malamanmu na fiƙihu sun yi maganar hauzi: wanda ya riƙe wuri shekara goma, mai shi yana nan, yana gani, bai yi magana ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to da'awar mai wurin ta faɗi. Na ƙirga shekaruna na ga har da rarar tara. Na ji daɗi na kusan rabin yini. Sai sharaɗin ƙarshen nan ya tsaya mini a wuya. Na tuna irin shekarun rikicin da garin nan ya shiga, shekarun da mutum irin Akawu, a lungu irin namu, ba zai buɗe baki ya yi rigimar ƙasa da malamin unguwa ba ko da gidan duka aka ci. Shirunsa ba kyauta ba ce. Alƙali zai iya ba ni dakalin, amma ni na sha karantar da mutane abin da ke jiran wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani, kuma nawa ya ninka taƙi sau da yawa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sai da mutumin nan ya nemo mota daga wata duniya, da tayoyinta da giyarta, kafin ya iya ce mini in matsa.

Ranar Lahadi da safe, da na ga sun tafi coci shi da iyalinsa, na kira magini da guduma. Ya bi layin nan daidai, ya fasa, muka kwashe ɓaraguzan, na share wurin da kaina. Dakalina ya koma guntu kamar an yi masa aski da gatari.

Akawu ya dawo da azahar cikin kwat ɗinsa ta coci. Ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya gaya mini cewa a waya an ce motar sai baɗi, kuma ma ba lallai ne a kawo ta ƙasar nan ba, ga shi kuɗinta ya fi na gidansa. Na ce ta zo ko kada ta zo, ƙasar tasa ce, kuma ina roƙonsa ya yafe mini shekara goma sha tara da na yi a kanta.

"Kai ka yi a kanta?" in ji shi. "Ka taɓa ganin na zauna a wancan gefen? Kullum a nan nake zama, a kan ƙasata. Yau dai ka rushe mini kujera."

Na ce duk da haka ya faɗa da bakinsa, don ina son in ji.

Ya ce, "Na yafe, Goni. Matsa mini."

Na tattara tawada da takardu na matsa, ya zauna, gwiwarsa ta yi ƙara.