Sunan da Ta Sa wa Uwarta a Waya

Wata rana na je ɗauko ƙanwata daga makaranta, sai na tarar ana shari'a a ofishin shugabar. Kun san ni da son jin ƙwaƙwaf, na samu benci na zauna.

Wata yarinya ce, Bara'atu, ba ta wuce sha biyar ba. Ta fasa wa 'yar ajinsu baki, kuma ba yau ta fara ba. Wannan karon maganar kora ake yi.

Can sai ga uwarta a guje da fararen kayan aiki. Ungozoma ce a wani asibiti. Ido jawur, ko mayafi ba ta yafa daidai ba.

Ta rufe yarinyar da faɗa. Tunda mijinta ya rasu ba ta huta ba, aiki ba Asabar ba Lahadi, duk don wa?

Bara'atu ko gezau. Na ce a raina, oh ni, Allah ya shirya!

Sai shugabar ta jawo kwalin wayoyin da aka ƙwace a hannun ɗalibai, ta ce uwar ta kira lambar 'yarta a gane tata.

Ta kira. Wata ƙaramar waya ta kawo haske.

Ba "Umma" aka rubuta ba.

"Ina Zuwa."

Uwar ta ce, "Bara'atu, ni ce Ina Zuwa?"

Yarinyar ta ce, "Shi kike ce min kullum, Umma. Amma na lura in na yi dambe, da gaske kike zuwa."

Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Uwar ta roƙi shugabar har da durƙusawa, amma ba a janye korar ba.

Tana miƙewa wayarta ta yi ƙara. Jini ya ɓalle wa wata mai naƙuda, kuma babu kowa a bakin aiki sai ita.

Ta dubi ƙofa, ta dubi 'yarta.

Bara'atu ta rataya jakarta.

"Je ki, Umma. Na san hanyar gida."

Darasi: Ba duk yaro mai fitina ne lalatacce ba, wani uwarsa yake kira. Ita ma uwar ba ƙi ta yi ba, kaya ne suka yi mata yawa. In akwai irinta a danginku, ku kama mata, ku daina zaginta.

Ku tura wa wata uwar da ta gaji, ta san an ga wahalarta.