Farin Wuri a Ƙarƙashin Hoton Gidanmu

Shekarun da aka fara gyaran gidaje a unguwar Kilomita Biyar, ni ce sakatariyar ƙungiyar mazauna layukan da ke bayan kasuwa. Ofishinmu wani ɗan ɗaki ne a saman shagon kayan gini a Titin Koudoukou, inda hon ɗin 'yan taksi-moto masu haya da babur ke shigowa ta taga tun safe. Wata ƙungiyar agaji ce ta ba mu kwamfuta da manhajar da ke haɗa rahoto da kanta. Nawa aikin in zuba bayanin kowane gida, in sa hotonsa, in rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin hoton, in danna. Ita kuma sai ta jera shafuka da Faransanci tsaf.

Masu agajin rubutun suke karantawa. Mutanenmu kuwa hotuna suke nema. Duk wata nakan buga wasu kwafi in ba direbobin manyan motocin da suka sauke kaya za su koma Kamaru, su kai wa 'yan unguwa da suka tsallaka iyaka lokacin tashin hankali ba su dawo ba. Innarmu na cikinsu, tana garin Garuwa-Bulai a bakin iyakar Kamaru wajen yayana. Ni kuma buri ɗaya gare ni a duniya a lokacin, Inna ta dawo gida. Na gaji da girki a ƙaramar tukunya, na gaji da shiga gida ba mai tambayata me ya tsayar da ni. Ta taɓa ce mini ranar da ta ga gidan ya tsaya da ƙafafunsa za ta ɗaure kayanta. A kan wannan maganar na sa aka yi mana rufin kwano, aka shafe bango, aka sake ƙofa.

Matsalar ita ce manhajar nan tana da taurin kai. In ta zo sa hoto ta ga sauran wurin da ke shafin bai ishe shi ba, ba ta jira. Sai ta tura shi gaba, ta jawo rubutun da ke biye ta cike gurbin, hoton ya je ya sauka duk inda ta ga ya yi mata kyau. Ban damu ba da farko, tunda bayanin kowane hoto na manne a ƙarƙashinsa. Na manta Inna ba ta karanta boko, balle Faransanci. Ita da tsofaffin da ke can shimfiɗa takardar suke yi a tabarma su bi ta da yatsa kamar suna tafiya a layi, wannan gidan mahauci ne, na kusa da shi na tela, daga nan sai na wane. Sun san kowace katanga.

Watan da aka gama namu gidan, manhajar ta ɗauke hotonsa daga layinmu ta kai shi shafi na gaba, sashen gidajen da ba a taɓa ba, ya zauna tsakanin kangaye biyu na wata unguwa can. Ban lura ba sai da Inna ta kira. Ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"Auta, gaya mini gaskiya. Duk maƙwabtan namu sun rushe ne kika ɓoye mini?"

Na yi rantsuwa har na gaji. Na ce inji ne ya yi, ta ce inji ba ya sanin gidan kowa, wani ne ya gaya masa. Yayana yana gefe yana dariya, da zan iya miƙa hannu ta waya da na make shi.

Daga ranar na ɗaura ɗamarar faɗa da kwamfuta. Na rage girman hoton, ta tura shi. Na gajarta rubutun, ta tura na gaba. Na sauya jerin gidajen, ta watsa mini su yadda ta ga dama. Har magana nake yi mata, mai shagon ƙasa ya hawo sau ɗaya yana tambaya da wa nake rigima. A ƙarshe wata ma'aikaciyar masu agajin ta nuna mini wani zaɓi da ke ɓoye can cikin saitin, wanda ke hana hoto motsi daga inda aka ajiye shi. Ta gargaɗe ni cewa in an ɗaure hotuna haka, duk wanda bai samu wuri ba zai koma sabon shafi ya bar fili a bayansa, rubutu ba zai hau ya cike ba. Na ce ya bar filin ƙwallo ma in ya so.

Haka aka yi. Layinmu ya fito a jere, mahauci, tela, sai mu a ƙarshe, da sabon rufinmu yana sheƙi. Hoton da ke biye na rijiyar unguwa ne, babba, bai shiga ba, ya koma shafi na gaba. Rabin takarda ya rage fari fat a ƙarƙashin gidanmu. Alhaji shugaban ƙungiya ya ɗaga ta yana ƙorafin ɓarnar takarda, wai masu agaji za su ce ba mu iya aiki ba. Na ce masa in ya samu wata sakatariyar ya ɗauka. Da hannuna na miƙa wa direba ambulan ɗin a bakin kasuwa, na dawo gida na wanke labulen ɗakin Inna, na shanya katifarta.

Da ta kira a wannan karon muryarta a kwance take. Ta yaba rufin, ta ce ƙofar ta fi ta da kyau, ta sa mini albarka har idona ya cika. Sai ta tambaye ni farin da ke bayan gidanmu a takardar.

Na buɗe baki zan yi mata bayanin saiti da girman hoton rijiya, sai na tuna yadda take bin takarda da yatsa gida-gida. A layinmu, bayan gidanmu sai na aminiyarta, wata Musulma 'yar asalin nan da yaren Sango ya fi zama a bakinta. Shekara da shekaru suna miƙa wa juna kwano ta kan katanga, ita miyar ganyen rogo, Inna tuwo, suna hira rabi Hausa rabi Sango. Gidan nan babu shi a rahoton saboda babu shi a ƙasa tun lokacin tashin hankalin. Ciyawa ce a wurin, kuma ba mu san inda matar ta nufa ba. Na sha cewa zan gaya wa Inna in ta dawo ta huta.

Shirun da na yi ya ishe ta amsa. Ina jin kukan kaji a can gidan yayana.

"Kar ki sa komai a wurin," ta ce. "Ki bar mata. In kin ga an fara ɗora bulo, ki ɗauki hoto ki aiko mini, sai in taho."

Na bar aikin ƙungiyar da daɗewa, amma na roƙi wadda ta gaje ni kada ta taɓa saitin nan. Ina kewar Inna ƙwarai, kewar da ba na iya faɗa mata a waya don kar ta ji nauyi. Duk safiya kafin in fita nakan leƙa ta kan katanga. Ciyawar ta kusa kai tsayina yanzu.