Yaushe Ruwanku Ke Zuwa?

Ni dai ba yawon buɗe ido ya kai ni Turai ba. Na je ne in ga ko ɗana yana nan, ko kuwa sunansa kawai ya rage mini. Autana ne, ya tafi Beljik karatun gina gadoji, da ya gama ya aiko mini da tikiti in zo bikin karɓar takarda. Tun a filin jirgi na fara ganin alamu. Ya rungume ni kamar Bature maimakon ya durƙusa, kuma duk wanda ya tambaye shi daga ina yake, sai ya ce Afirka ta Yamma, ya wuce. Faransancina na kasuwa ne, amma wannan kam na ji shi sarai. Afirka ta Yamma, wai! Na san dalili, don abin da ake ji game da Diffa a labarai bai wuce hari da ƴan gudun hijira ba. Duk da haka abin ya ci mini rai. Ubansa a Diffa yake kwance a kabari, kuma tattasan gonarsa ne ya kai yaron lakwal, wato makarantar boko.

Bayan biki ya ce zai kai ni wani tsohon gari da duniya ke zuwa kallo. Muka hau jirgin ƙasa da safe. Garin kam ya yi kyau, ba zan yi masa hassada ba. Gidajen jan bulo ne, sun jeru kafaɗa da kafaɗa, gindinsu a cikin ruwa, domin a can ruwa ma titi ne: an haƙa masa hanyoyi, an ɗaure gefensu da dutse, yana ratsa unguwa bayan unguwa. Akwai wata hasumiya mai ƙararrawa da ba ta gajiya da kiɗa. Ya ce mu hau, na ce gwiwoyina ba su yi wa kowa laifi ba. Ya saya mini soyayyen dankali da wata farar miya marar ko ɗigon yaji, na cinye don kada ya ji kunya.

Daga nan muka shiga kwalekwale mai inji, mu da baƙi daga ƙasashe iri iri. Matuƙin wani dattijo ne mai jan hanci, yana tuƙi yana bayani a lasifika, wannan gidan attajiri ne, waccan gadar ta girmi kakan kakansa. Kowa na ɗaga waya. Ni kuwa ruwan nake kallo, don a bakin kogi aka haife ni. Kore ne, a kwance, ba ya gaba ba ya baya. Na duba bango ban ga shatar inda ya cika bara ba, ban ga rairayi ba ko kaɗan.

Mu namu kogin, Komadugu, baƙo ne. Da rani yakan tafi, har ka taka rairayi da ƙafa ka shiga Najeriya. Idan damina ta kankama sai ya taho daga nesa, labarinsa na riga shi isowa, wannan ƙauye ya gaya wa wancan. Ranar da ya iso yara su yi ta gudu a gaban bakin ruwan, mata su yi guɗa, manoma su fito da injinan ban ruwa. Shi ya sa idan ka haɗu da mutumin wani gari na bakin kogi, bayan gaisuwa sai ka tambaye shi labarin ruwa. Ladabi ne, rashin yinsa kuma rashin tarbiyya.

To ga ni a ruwan mutum, a jirginsa. Na ce wa yaron ya tambayar mini dattijon yaushe ruwansu ke zuwa. Ya ce, ƙasa ƙasa, in bari kawai. Ni kuwa a ce mini in bari, nan ne nake taurin kai. Na tattara ɗan Faransancina na ɗaga murya na tambaya da kaina.

Dattijon bai gane ba, ya maimaita tambayar a lasifika, ya ce ruwansu ba ya zuwa ko'ina, nan ya tarar da shi, nan zai bar shi. Jirgi ya ɗauki dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma wallahi ji na yi kamar in nutse. Na saci kallon yaron, na ga ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, na zo har nan na ƙarasa korar ɗana da bakina.

Sai ya ɗago, ya miƙa hannu ya nemi lasifikar.

"Wannan mahaifiyata ce," in ji shi. "Mu mutanen Diffa ne, a Nijar. Tambayarta daidai take, gaishe ku ta yi."

Ya ba su labarin kogin da ke tafiya ya dawo, da guɗar mata, da gonakin tattasai da ke yin ja jawur har kan rufin ɗakuna idan an shanya. Wayoyi suka sauka, matuƙin ma ya rage gudu. Ina tsintar abin da zan iya tsinta, har na ji ya ce bana ruwan ya makara, kuma da ya iso ya tarar da injin baffansa, ƙanen ubansa, a lalace. Ni ban taɓa gaya masa wannan ba.

Da ya mayar da lasifika na tambaye shi wa ya ba shi labari.

"Duk damina ina kiran Baffa, Inna. Hankalina ba ya kwanciya sai na ji ruwa ya iso."

Na ce ni fa, ba ni da baki ne?

"Ke idan na tambaye ki kuka za ki yi."

Kuma gaskiyarsa, don a lokacin ma har na fara. Daɗi ya cika ni, na gyara zama, na bi mutanen jirgin da kallo ɗaya bayan ɗaya don su san ni na haife shi. Ana haka muka iso wata gajerar gada, matuƙin ya ce kowa ya sunkuya. Kowa ya sunkuya ban da ni. Sai da yaron ya sa hannu ya danne mini kai, har ɗaurin ɗankwalina ya goge dutsen gadar.