Hanyar Yanke

Shekarar da aka tura ni koyar da lissafi a wani ƙauye bakin daji, motar Birnin Gwari a mararraba take sauke ni, sai in hau acaɓa. Babbar hanya takan miƙe gabas kilomita huɗu, ta karya kwana arewa ta ƙara uku. Ta yanke kuwa gonaki take ratsawa kai tsaye. Na sha zana wa ɗalibaina hanyoyin a allo: huɗu sau huɗu, uku sau uku, a haɗa, ashirin da biyar, wato biyar sau biyar. Ke nan ta yanke biyar ce.

Wata Litinin da damina ban tarar da ɗan acaɓan da na saba hawa ba. Wani ne kaɗai a wurin, baƙuwar fuska, ya naɗe wuya da ƙyalle har haɓa.

"Malama, ta yanke za mu bi?"

Na ce e.

Ta saman kafaɗarsa nake leƙen mitar babur. Muka cika biyar, babu makaranta babu alamarta. Masara ta ƙare, muka shiga kaɗanya da dogayen ciyayi. Da muka haura bakwai sai na san akwai matsala, don yanke ba ta taɓa fin zagaye tsawo.

"Malam, ina muka nufa?"

"Makaranta."

"Ba nan ce hanyar ba."

Ya ci gaba da tafiya. Na saɓule takalmana na riƙe a hannu, ina neman wuri mai laushi da zan dira.

A wata ruga ya tsaya. Wata tsohuwa tana wanke ƙwarya.

"Inna, sun wuce?"

"Tun asuba. Ku bi ta bayan rafi."

Ban tambayi su wane ne ba. Muka bi ta bayan rafin, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har na hango kwanon rufin ajinmu.

Sai da na sauka ya ce sawun babura ya gani da yawa a bakin yanke, sababbi, shi ya sa ya kauce.

"Da na faɗa miki, da kin diro."

Na yi masa godiya, har zuciya. Amma ban sake hawa babur ɗinsa ba, kuma har yau ban san yadda aka yi ya san wadda zai tambaya ba.