Mai ɗiban ƙasa a bayan gareji

A bayan garejinsa da ke Basra ta ƙasar Iraƙi, Abu Karrar yana kallon wata mata a durƙushe, gefen abayarta ya sha baƙin mai. Tana ɗiban ƙasa da cokali, tana shinshinawa kamar mai duba ko miya ta lalace. Jakarta da tambarin jami'a. Wataƙila ƙuruciyarta ta ƙare wajen kiwon wasu ƙananan halittu masu cinye mai don ƙasa ta farfaɗo.

"Baffa, wa yake zubar da wannan?" ta tambaya.

"Mutane ba sa tsoron Allah, 'yata."

Ta miƙo masa kwalba don ya riƙe mata. Ya kasa fito da hannayensa masu baƙin mai daga aljihu. Shekara ashirin ke nan yana tuttular da man a nan.